Masu Sunan Babana a Riyad

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman gafara idan na ƙara ko na rage.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da suna irin na Faransawa. Ba shi aka raɗa masa ranar suna ba. Yana saurayi a Damagaram ya yi wa wani Bafaranshe aikin kuku, mutumin bai ga dalilin wahalar da harshensa ba, sai ya laƙaba masa ɗaya daga cikin nasu. Bafaranshen ya koma ƙasarsa, sunan ya zauna. Da shi mahaifina ya shigo Kano, da shi ya yi ta gasa dogon burodi a Fagge har ƙarfinsa ya ƙare. Liman ma da shi yake kiransa. Ranar da ya rasu, da aka zo addu'a aka nemi sunansa na yanka, sai da dattawan unguwa suka dubi juna, aka aika cikin gida aka tambayo.

Ni ban taɓa furta sunan nan ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Haka aka raine mu. Ɗa ba ya kama sunan ubansa, kuma duk wanda ya ci sunan, babba ne ko yaro, Baba muke ce masa, mu ba shi girmansa. A Kano wannan bai taɓa yi mini nauyi ba, domin babu mai irin sunan sai shi kaɗai. Sai da na zo Riyad na san ashe suna da yawa a duniya.

Aikina tuƙa bas ɗin wani kamfanin gine-gine. Ina kwasar leburori daga masaukinsu da asuba in kai su wurin gini a Shifa, in dawo da su da yamma. Ɗakinmu yana Gubaira, a saman wasu shaguna, mu 'yan ƙasa ɗaya muka haɗu a ciki. Wata rana matakalar bas ɗin ta ɓalle, na shiga da ita wata warsha a bayan layinmu, inda ake walda. Mai wurin, wani Bapakistane mai jan gemu, ya juya ya ƙwala kira. Sai na ji sunan mahaifina ya fito daga bakinsa, da tsawa, kamar yana kiran yaron gida. Na tsaya riƙe da ƙarfen.

Wanda ya fito daga bayan wata ƙofar ƙarfe baƙin mutum ne siriri, ya ɗaga gilashin walda a goshi. Ya dube ni, ya ce da Hausa, “Sannu, ɗan'uwa. Me ya karye?”

Na ce, “Sannu da aiki, Baba.”

Ya waiwaya bayansa ya ga ko akwai wani tsoho. Da na yi masa bayani ya yi dariya har sai da ya zauna a kan tukunyar gas. Mutumin arewacin Jamhuriyar Benin ne, a zango ya tashi, shi ya sa Hausarsa take zuba irin ta fataken goro. Kirista ne. Na girme shi nesa ba kusa ba, gemuna ya fara fari, nasa ko tsayawa bai gama yi ba. Tun daga ranar bai ƙara kirana da komai ba sai ɗana.

“Ɗana, zo ka gaishe ni. A'a, ba haka ba, durƙusa sosai. Yaran zamani!”

Abokan ɗakina suka sami abin yi. In na shigo sai su ce, “Malam, ashe maraicinka ya ƙare.” Wani ya ce, “Uban da ba ya salla, ina za ka kai shi?” Nakan ce musu sunan nake girmamawa, shiriya kuwa ta Allah ce, ba a hannuna take ba. Kafin a daɗe su ma suka saba da shi. Ran Juma'a, in mun tafi masallaci, shi muke bar wa tukunya. Mu dawo mu tarar ya tuƙa tuwon samo, ya kaɗa kukar da ɗalibai ke kawo mana daga gida. Yakan zauna tsakiyarmu ya ce, “Ku bar ɗana ya fara ɗauka, ya rame.”

A wajen cin tuwon nan na san halin da yake ciki. Biza ya saya a hannun dillali, bai taɓa ganin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ido da ido ba. Yana nan yana aiki sai ya ji an ce mutumin ya kai rahoton hurub a kansa, wato ya gudu daga ubangidansa. Daga ranar iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu. Ba shi da ikon zuwa asibiti, ba shi da ikon hawa jirgi kamar kowa. Duniyarsa ta koma daga ɗaki zuwa warsha, ta lungun baya. Ya baro matarsa da ciki, ta haifi 'ya mace, yarinyar har ta shiga makaranta bai taɓa ɗaukarta ba. Yana ganinta a waya, in layi ya yi kyau. Amma yakan ce wannan ba gani ba ne. “So nake in zauna a ƙofar gida in hango ta tana tahowa daga nesa, in gane tafiyarta tun kafin ta iso.”

Matsalar idonsa ta fara bayyana ne da kofin shayi. In aka ajiye masa a gefe sai ya ture shi da gwiwa. In ka zo ta hannun damansa ka miƙa hannu, sai ya bar ka tsaye, ka zaci fushi yake. Muka ce hayaƙin walda ne, ya riƙa sa tozali. Daga baya wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya roƙi wani likita Basudane, ya yarda ya duba shi a bayan wani kantin magani a Shumaisi, ba tare da tambayar takarda ba. Ni na kai shi. Likitan ya haska idon, ya duba shi sosai. Ya ce hawan jinin ido ne. Yana cin gani daga gefe, yana matsowa tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu ana ƙara tsuke masa bakin. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce wannan jinkirtawa kawai zai yi, aikin tiyata ake bukata, kuma kada a daɗe.

Da muka fito ya ce mu biya wajen wani tela a nan Shumaisi. A hanya ya ce mini, “Shi ma takwarana ne, amma kada ka nuna ka sani. Ya jefar da sunan.”

Tsoho ne daga kudancin Chadi, yana zaune bayan keken ɗinki a wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ya musulunta tun yana matashi, ya ɗauki wani suna, danginsa suka juya masa baya, bai sake taka ƙasarsu ba. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai keken da wani ƙaramin rediyo mai karatun Alƙur'ani. Na durƙusa na gaishe shi da Baba, ya ɗauka don furfurarsa ne. Ya saurari labarin likita da allura a bakinsa, sannan ya cire ta ya ce da Larabcinsa na kasuwa, “Ka je tarhil. Gobe, ba jibi ba. Ka miƙa kanka, su tsare ka, su jefa ka jirgi. Can gida ka nemi likita.”

Tarhil shi ne gidan da ake tara waɗanda za a kora. Kowa a Gubaira ya san wani da ya shiga. Babu mai iya gaya maka yaushe za ka fito, kuma da silifas ɗin da ka shiga da shi za ka sauka a ƙasarku. Babana mai walda ya ce shi ba zai shiga gidansa haka ba bayan duk shekarun nan, hannu biyu a sake, kamar wanda aka sako daga kurkuku. Yana so a ɗage masa hurub, a yi masa aiki a nan inda ake da kayan aiki, ya fita ta ƙofa da akwatinsa.

Tela ya ce, “Akwati kake so ka kai gida ko ido?”

Mai walda ya miƙe. Muka yi sallama.

A kamfaninmu akwai babban injiniya, ɗan Lebanon, kowa Muhandis yake ce masa, don haka ban san sunansa ba. Dogo ne mai sanƙo, ba ya zagi, yana ce mini Hajji. Wata rana wani ɗan ƙasarsu ya zo wurin gini, ya hango shi daga nesa ya ɗaga murya ya kira shi. Sunan nan ne dai. Daga ranar na riƙa goge masa gilashin motarsa ba tare da ya sa ni ba, in zai wuce in miƙe tsaye. Ran Juma'a na ba da labarin a kan tuwo don a yi dariya. Na ce, “Baba, na samo maka takwara mai kwandishan a ofis.”

Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya mayar da lomarsa cikin kwano, ya juyo da dukan fuskarsa gare ni, don a lokacin sai ya yi haka yake ganin mutum.

“Sunana sak?”

“Sak.”

“Kuma babba ne? Yana da mutane?”

“Kamfanin yana da mu'aƙƙib, mai bin takardu a ofisoshin hukuma. Kalma ɗaya Muhandis zai yi masa.”

Ya ce, “To, Allah ya kawo. A garinmu wanda ke da sunanka ɗan'uwanka ne. Ko bai san ka ba, in ka shiga gidansa sai ya ba ka ruwa, in kana da kuka sai ya ji.”

Mu ma haka muka sani. Babu wanda ya ga aibin maganar a ɗakin nan. Na ga attajiri a Kano ya ɗauki nauyin karatun ɗan mai gadi don kawai an sa masa sunansa. Na ga an fasa ƙara a gaban alƙali don masu rigimar sun tarar suna ɗaya gare su. Da tela ya ji, cewa ya yi, “Wannan sunan ba irin naku ba ne. Ba ya haɗa kowa da kowa. Ni na ɗauke shi shekaru, na sani.” Muka ce tsufa da kaɗaici ne suka sa shi ɗaci.

Ba a zuwa wurin takwara hannu sake. Babana mai walda ya roƙi mai warsha guntayen ƙarfe, ya riƙa tsayawa bayan an tashi, ya ƙera murhun gasa nama irin wanda Larabawa ke fita da shi jeji, mai ƙafafu masu naɗewa. Ya yi masa marfi, ya yi masa hannuwa, ya goge shi har yana ƙyalli. Da ya kawo mini na ga waldar gefen dama ta kauce wa layi, ta yi tudu. Mutumin da ke haɗa ƙarfe ka nemi wurin haɗin ka rasa. Na ce ya yi kyau.

Na ɗauke shi, shi da murhunsa, a bas bayan na sauke leburori, ya kwanta a kujerar baya saboda 'yan sanda. Ofishin Muhandis kwantena ce a gefen ginin, sanyi kamar cikin randa. Na yi sallama, na ce, “Muhandis, ga takwaranka na kawo maka.” Bai gane ba sai da mai walda ya faɗi sunansa da bakinsa. Muhandis ya buɗe hannuwa ya yi dariya, ya juya harshe zuwa Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga fuskar Babana ta washe yadda ban taɓa gani ba. Aka kawo gahawa. Muhandis ya zagaya murhun, ya buɗe ƙafafun ya naɗe, ya ce mini da Larabci, “Ka sani, Hajji, a makarantarmu rabin aji sunan nan gare su. In malami ya kira, sai mu miƙe gaba ɗaya.” Na ɗauka yabon sunan yake yi.

Ya saurari maganar ido da ta hurub, yana gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar takwaransa ya ce, “Tikram.” Wato an gama, don girmanka.

A hanyar dawowa bai kwanta ba. Ya zauna a gaba kusa da ni yana waƙar cocinsu a hankali. Ya ce, “Ɗana, ka ji yadda ya kira sunan? Kamar yadda uwata ke kira.”

Lokacin sanyi ne, muna sa rigunan ɗumi da asuba. Muka fara jira. Mu'aƙƙib ya yi tafiya. Ya dawo, aiki ya yi masa yawa. Azumi ya kama, ofisoshi ba sa daɗewa a buɗe. Aka yi Salla, aka ce sai an dawo hutu. Duk sanda na ga fuskar Muhandis a sake nakan matsa in ce, “Takwaranka yana gaishe ka.” Ya ce, “Ina sane, Hajji, bukra, gobe in sha Allah.” Iyakar abin da bakina ke iya faɗa ke nan. Ba a tsare uba a ce masa ina alkawari. Da yamma in na shigo lungun warsha, tun kafin in yi sallama mai walda yake gane takuna.

“Ɗana, me ya ce?”

“Ya ce yana sane.”

“To, ai shi ke nan. Babban mutum ba ya mantuwa.”

Ba na cewa Muhandis mugu ne. Allah ne shaida, ban ga mugunta a tare da shi ba. Daga baya na ji daga direbansa cewa abin da ya tara shekara da shekaru ya maƙale a bankunan ƙasarsu, mahaifiyarsa tana kwance, 'ya'yansa sun watse ƙasashen Turawa ba sa son dawowa. Shi ma da iƙama yake zaune kamar mu, sai dai tasa tana cikin jakar fata. Zafi ya shigo, irin wanda sitiyari ke ƙona tafin hannu, Muhandis ya tafi hutu. Da ya dawo ya rame, ba ya ɗaga kai daga waya. Ba a jima ba aka ce kamfani ya sallame shi.

Ranar da zai tafi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa mini. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri. Na ce, “Muhandis, takwaranka fa?”

Ya dube ni yana neman tunawa, sannan fuskarsa ta haskaka. “A, mai murhu! Ka gaishe shi sosai. Mutumin kirki.” Ya taka zuwa mota, ya juyo. “Me ma ya ce yana so?”

Ban kai wannan maganar Gubaira ba. Na ce masa dai an sallami takwaransa, ya bar ƙasar. Yana zaune a bakin warsha da tsumma naɗe a hannun hagu, don a makon ya ɗora wuta a kan yatsunsa yana zaton ƙarfe ne. Ya daɗe yana murza tsumman. Ya ce, “Allah sarki. Shi ma ashe ba shi da kowa.” Mai jan gemu ya haƙura da shi iyakar haƙurinsa, amma ba a ba wanda ba ya ganin hannunsa wutar walda. Ya ce masa ya huta.

Muka koma wurin tela. Bai ce na gaya muku ba. Ya auna ƙugunsa, ya ɗinka masa wando mai mazagi, ya ce a tarhil karɓe bel suke yi. Ya ɗinka wani ɗan aljihu ta ciki inda kwalbar maganin ido za ta shiga. Da za mu fita ya kama hannun mai walda ya faɗa masa wata magana da Faransanci, harshen da ban taɓa jin ya yi ba. Ya koma kan kekensa ya ƙara wa rediyo sauti.

Da hantsi na kai shi tarhil. A lokacin sai ya dafa kafaɗata yake tafiya. Ya ce abin da ya rage masa kamar ramin allura ne, in ya tsayar da kai sosai yana iya ganin ido ɗaya na mutum, ko baki, amma ba fuska gaba ɗaya ba. “Ya isa,” in ji shi. “In suka yi sauri ya isa. Zan gan ta kaɗan-kaɗan in haɗa.” Na tsaya nesa da ƙofar, don ba a son mai rakiya. Na nuna masa saitin da zai bi, na ce ya miƙe kawai, akwai soja a tsaye.

Ya ce, “Durƙusa.”

Na durƙusa a gefen titi, da gemuna, motoci na wucewa. Ya lalubo kaina, hannunsa ya fara sauka a kunnena, sannan ya gyara. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka riƙa cin abinci.” Ya tafi yana tura ƙafa a hankali, hannu ɗaya a gaba.

Zafi ya wuce ba labari. Nakan sa shi a addu'a bayan kowace salla, in roƙa masa shiriya da lafiya, ban san wadda ta fi gaggawa ba. Sanyi ya sake shigowa. Wata Juma'a muna cin shinkafa, don tun tafiyarsa babu mai tuƙa tuwo, sai wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba.

“Ɗana.”

Na miƙe tsaye da wayar. Na tambaye shi hanya, na tambaye shi iyali. Ya ce ya isa, kowa lafiya. Maganin ya ƙare masa tun farkon shigarsa tarhil, kuma layin masu jiran jirgi yana da tsawo. Ya ce yanzu yana bambance rana da dare, in aka buɗe ƙofa yana sanin an buɗe. An kai shi wurin likita a babban gari, likitan ya ce babu abin da za a yi wa aiki.

Ina jin muryar yarinya kusa da shi tana magana da yarensu, yana ce mata ta bari. Ya ce ita ke jan shi zuwa bakin kasuwa da safe kafin ta wuce makaranta. Ya shafa fuskarta, ya ce, amma yatsunsa sun mutu da ƙuna, ba sa gaya masa komai.

“Ɗana, kai ka sha ganin hotonta a wayata. Nan kowa cewa yake da uwata take kama. Ina jin don su faranta mini ne. Kai ba ka ƙarya. Da gaske ne?”

Na ce, “Baba, ban san mahaifiyarka ba.”

Ina jin kaji a bayansa, da wani yana daka.

Ya ce, “Haka ne. Ba ka san ta ba.”